Faifan farko na Ramones, ƙungiyar mawaƙan rock ta Amurka (1976): me ya sa jita ke ɓacewa a kunne ɗaya?

Mai tambaya: Salama alaikum 'yan uwa. Idan aka saurari faifan nan da abin sauraro a kunnen hagu kaɗai, jita ba ta fitowa sam. Kwafin ne ya lalace?

Sani: Wa alaikumus salam. Kwafin lafiyarsa ƙalau, da gangan aka yi. Craig Leon, furodusan faifan, ne ya tsara sautin: bas (jita mai kaurin sauti) na ɗan ƙungiyar Dee Dee a hagu, jitar abokin kiɗansa Johnny a dama, ganga da murya a tsakiya. An ɗauka a ɗakin ɗaukar sauti na Plaza Sound da ke New York a farkon 1976, kan dala 6,400 kacal, kamfanin Sire Records ya fitar a watan Afrilu. Waƙoƙi 14 ne cikin minti 29. Fitowar 2016, wadda aka yi don cikar faifan shekara 40, tana da haɗin mono, komai a tsakiya.

Hauwa: Gaskiyar Malam Sani. Amma fa rabewar nan alheri ce ga mai koyo. Karkatar da sautin gaba ɗaya zuwa dama, ka ji hannun Johnny tsaf: jita Mosrite, amfilifaya (na'urar ƙara sauti) Marshall, kuma duk bugunsa ƙasa yake yi, ba ya dawowa sama. Nan masu koyo ke faɗuwa. Suna bugawa da dukan hannu tun daga kafaɗa, kafin minti ɗaya sun gaji, sai kiɗan ya fara jan ƙafa. Sassauta wuyan hannu, fara a hankali, ka riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan.

Bala: Kuma kada ka cika wa amfilifaya ƙugi, ɗan'uwa. In ya yi yawa igiyoyin shida suna cakuɗewa, ba a jin canjin yatsu.