Mota na warin ruɓaɓɓen ƙwai, makanike ya ce a cire indomie

Mai Corolla:
Salam 'yan uwa, dan Allah masana mota a taimaka min. Corolla ce 2005, kusan sati biyu kenan in na yi tafiya mai ɗan nisa sai wani wari ya cika motar kamar ƙwai ya ruɓe, a cikin gari ba na ji sosai, amma ranar Asabar da muka taso Kano za mu Zariya tun kafin Kwanar Dangora uwargida ta toshe hanci da mayafi tana tsare yara wai waye ya yi tusa. Na zazzage but na ɗaga kafet ba komai. Makanikena ya ce indomie, wato matatar hayaƙin nan da ke jikin salansa (catalytic converter), ita ce ta mutu a cire ta a haɗa salansa kai tsaye, ni kuma raina bai kwanta ba dan ko bonet bai buɗe ba ya yanke hukunci.

Tsohon Direba:
Wa alaikassalam. Hhhh Allah sarki yara an ɗora musu laifi. Malam ka tabbata ba ɓera ba ne ya mutu a hanyar AC? Ya taɓa min a Golf, sai da aka kwance dashbod. Amma shi warin mushe ko mota na tsaye kana jinsa, tunda naka sai an yi gudu to wani abu ne ke ɗaukar zafi. Da ƙaurin roba ne sai in ce fanbel ko leda ta manne a salansa, da ƙauri ne ta gefen taya ɗaya birki ya riƙe, ƙwai kam sai dai rewaya su yi magana.

Rewaya:
Yallaɓai kar ka bari a taɓa indomie tukuna. Yawanci abu biyu ke kawo wannan warin, indomie ko batir, kuma gane su ba wuya. In ka yi tafiyar warin ya taso ka faka gefe, ka zaga baya wajen bakin salansa ka shaƙa kaɗan, sannan ka buɗe bonet. In a gaba ya fi ƙarfi to batir ne ke tafasa. Ka ɗora bayan hannunka a jikinsa a hankali, za ka ji zafi rau, wani ma za ka ga ya kumbura kamar burodi ko kan ya jiƙe ga farin gari a inda ake ɗaura masa waya. Yawanci laifin ba na batirin ba ne, altaneta mai cajin batir ce ke ɗura masa wuta fiye da ƙima in regileta mai daidaita cajin ta lalace. A sa mita mota na kunne, lafiyayyen caji tsakanin volt 13.5 ne zuwa 14.5, in ka ga 15 zuwa sama an gama magana. Shi ya sa a gosulo ba ka ji, sai ka hau titi inji ya daɗe yana juyawa ruwan batir ya dahu, iskar da ke shiga ta ƙasan gilashin gaba ta kwaso maka shi ciki. Kuma dan Allah kar a kunna ashana ko sigari kusa, kar a cire kan batir yana da zafin nan, iskar da yake fitarwa tana kama wuta, tartsatsi ɗaya ya isa ya fashe a fuskar mutum, ruwan kuma asid ne.

Baban Ummi:
Ni abin da ya tsaya min shi ne saurin cewa a cire. Indomie fa kuɗi ce, akwai ƙarafa masu tsada a cikinta irin su filatinam shi ya sa ake bi gareji gareji ana saye. Ban ce makanikenka ɓarawo ba ne amma in har za a cire ka tsaya a wajen a miƙo maka abarka a hannu. Tawa da aka cire ban ƙara ganinta ba, ga cek injin ya kama ya ƙi mutuwa, ga warin hayaƙi duk wanda ya biyo ni a baya sai ya ɗaga gilashi. Kuma ko ita ce ta lalace ai wani abu ne ya kashe ta, fulogi ko nozul na barin ɗanyen mai yana wucewa, in ba a gyara shi ba sabuwar ma haka za ta bi.

Mai Corolla:
Malam Rewaya Allah ya saka da alheri, wlh kamar kana wajen. Yau da safe na kai wa wani rewaya a unguwarmu ya sa mita, yana taka totur ta haura 16, batirin gefensa ya kumbura har ya ci ƙarfen da ke riƙe shi. Sai yanzu na tuna wata guda kenan ƙwan fitila na ƙone min har sau biyu ina zagin masu kayan gyara. An canja regileta ta dawo 14.1, batir kuma dole na sayi sabo. Indomie na nan daram. Gobe zan koma Zariya in ji ko warin ya tafi.

Tsohon Direba:
To madalla, saura ka ba yara haƙuri ka sai musu tsire a hanya.