Neman shawara: zakin da Baba ya saya mini a 1989 ya jawo magana a gidana

Baban Walid, Agege

Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina ba wasu shawara a nan, yau ga ta ta faɗo kaina. Wanda zai yi dariya ya yi, ni ma na san akwai abin dariya a ciki.

Shekarata 44. A Agege aka haife ni, mahaifina ɗan kasuwar goro ne. Duk wanda ya yi ƙuruciya a Legas a ƙarshen shekarun 1980 ya san Voltron, katun ɗin zakuna 5 da ke haɗewa su zama ƙaton mutum-mutumi mai takobi. A gidan hayarmu mutum ɗaya ne mai talabijin, wani tela Bayarabe, ita ma baƙi-da-fari. A lokacin, ƙarfe 4 NTA ke buɗe tasha, daidai lokacin da ya kamata a gan mu gaban malam da allo. Bulalar da na sha a kan zakunan nan Allah kaɗai ya san yawanta. Mu 5 ne, ni da yayana da 'ya'yan maƙwabta, kowa ya kama zakinsa. Da yake ni ne mai jiki, aka ba ni na Hunk, ƙaton cikin matuƙan zakunan. Har dambe mun yi a kan launinsu, don a akwatin telan duk toka-toka suke, Turancin kuma ba ji muke sosai ba.

Ana jajibirin ƙaramar Sallah ta 1989 Baba ya dawo daga kasuwar Idumota da ƙunshi a aljihun babbar riga. Zaki ne na ƙarfe, ruwan ɗorawa, mai nauyi a hannu. Maimakon godiya sai na ce, "Baba, ai wannan ƙafa ce, ni baƙin nake so, shi ne kai." Ya yi dariya ya ce gini daga ƙasa ake fara shi, duk ƙaramar Sallah zai ƙaro ɗaya har su cika. A 1990 kasuwa ta ƙi. A 1991 Sallah ta same shi a kwance, kafin shekara ta fita ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Zakin ya bi ni gidan haya 4. Jelar ta karye, fentin ya fara ɓarewa, amma yana nan a durowa ƙarƙashin takarduna.

Kwanaki na ga wani a Instagram yana sayar da tsofaffin zakunan su 5 cif, Naira dubu 280. Na yi niyyar in sa kwasar adashina ta watan gobe. Mai ɗakina ta ga hirarmu a waya, ranar ko tuwo ban ci da daɗi ba. Ta ce haya na tafe, kuɗin makaranta na tafe, ni kuma da gemuna ina cinikin kayan wasa. Magana ta kai kunnen surukata, Hajiya ta ce ai gumaka ne ma, mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da suke. Ga Walid, shekararsa 6, tunda ya ga na durowar yake kuka a ba shi, na hana. Uwarsa ta ce ko a tatsuniya ba ta taɓa jin uban da ke rowar abin wasa ga ɗansa ba.

To jama'a, in saya ko in haƙura? Da gaske laifi ne ajiye shi? In ba yaron ne a huta?

Ɗan Gwari na Mile 12

Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki! Alhaji, kawo dubu 280 ɗin nan Mile 12 in haɗa maka kwandunan tattasai, ka ga yadda suke haɗewa su zama riba.

Maman Hanifa, Idi-Araba

Allah ya jiƙan Baba. Yaya, tambaya ɗaya zan yi maka: wannan labarin da ka zauna ka rubuta mana, har da babbar riga da aljihu, ka taɓa ba matarka shi? Na rantse ba ka taɓa ba. Mu baƙi mun ji har ido ya kawo ruwa, ita da ke dafa maka abinci ciniki kawai ta gani a waya. Ka sa kanka a matsayinta. Ta san kwanan da mai gida zai buga ƙofa, ta san kwasar adashi ce ake jira, sai ta tarar an riga an yi wa kuɗin miji ba ta sani ba. Ko filin gona ne za ta ji haushi, bare zaki.

Ni ma ina da wata langa ta mahaifiyata, duk ta yi tabo, ba na zuba komai a ciki, ba na bari a taɓa. Maigidana bai taɓa cewa uffan ba saboda ya san ta wace ce. Mu mata mun fi kowa gane irin wannan ajiya. Ka fara da ba ta labari, maganar saye ta biyo baya.

Injiniya, Obalende

Ɗan'uwa, ka taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni jan zaki ne a layinmu, hannun dama, kuma har yau in na ji kiɗan buɗe shirin sai in ji ƙamshin ƙosan yamma. Ba kai kaɗai ba ne, kuma ba a Najeriya kaɗai ba. Asalin katun ɗin na Japan ne, sunansa GoLion, kamfanin Toei ya yi shi a 1981. Wani kamfani a Amurka, World Events Productions, ya saye shi ya yanke wuraren jini da kisa, ya sa masa Turanci, ya fito da shi a 1984 da sunan da muka sani. Ka tuna Sven, mai shuɗin zaki kafin gimbiya ta karɓa? Mu an ce mana rauni ya ji aka kai shi jinya. A na Japan mutuwa ya yi. Sai da na girma na san an yi mana wayo. Yaran 1984 ɗin nan su ne suka zama manya masu albashi, shi ya sa Netflix ta sake yin sabo a 2016, LEGO kuma, kamfanin kayan wasan da ake harhaɗawa, ta fitar da nata a 2018 mai guntaye 2,321. Irinka ake nema da su, ba irin Walid ba.

Amma ga abin da ya sa na yi dogon rubutu. KADA ka ba Walid wannan zakin tukuna. A 1986 kamfanin Matchbox ya janye zakunan Voltron na ƙarfe da aka ƙera a Taiwan daga kasuwar Amurka, saboda an sami dalma a fentinsu. Waɗanda aka ƙera a Japan ba su shiga ciki ba. Kai kuma naka a Idumota aka saya, shekara 3 bayan nan, ga shi ka ce fentin yana ɓarewa. Juya cikinsa ka duba abin da aka rubuta ko aka manna. Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana wa'azin gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Yaro ɗan shekara 6 hannu ne daga wasa zuwa baki. Ashe rowar taka ta yi rana.

Sannan ka fitar da shi daga cikin takardu. Laimar Legas ba ta ƙyale ƙarfe. Goge shi da busasshen ƙyalle, kada ka kankare fentin, ka sa shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi. Ka wanke hannu bayan ka taɓa.

Mai Instagram kuma, kada ka tura ko sisi sai ka gani da idonka. Ku haɗu da rana a wurin jama'a. In ya fara cewa kayan suna hanya, sai ka biya kuɗin fito, to ka san sauran.

Malam na Alaba Rago

Wa alaikumus salam. Hajiya ba ta yi ƙarya ba, hadisin da ke cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko sura yana cikin Bukhari da Muslim. Haka nan ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ruwayar Abu Dawud har da doki mai fukafukai a cikinsu, da ya tambaye ta ta ce ai Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai, ya yi dariya. Daga nan malamai suka yi rangwame a kan kayan wasan yara. Inda suka yi saɓani shi ne babba ya jera su a falo don ado da girmamawa. Wanda ke cikin akwati, ana ajiye da shi don tuna mahaifi, hukuncinsa ba ɗaya ba ne da wanda aka kafa a kan kanta. Ka je wa malamin da kai da Hajiya kuka yarda da shi, ka faɗa masa yadda abin yake, kada ka yi musu da suruka da hadisin da ka karanta a waya. Kuma in kewar Baba ce ta taso, ka haɗa da addu'a da sadaka, su ne ke isa gare shi.

Abu Sumayya, Ijora

Malam, rangwamen na yara ne. Mai shekara 44 ya wuce nan. Ni a ganina ya rabu da shi kawai, abin da ke sa kokwanto barinsa ya fi.

Maman Hanifa, Idi-Araba

Abu Sumayya, kyautar uba ta ƙarshe ce fa. Ka ce ya rufe a akwati mu ji, amma ya jefar? Haba.

Kawu Direba, Apapa

Yaro, na girme ka da kusan shekara 10, mu motar kara da ta langa-langa muka yi, sai gare-gare, Voltron ƙannenmu muka tarar suna kallo. Amma na taɓa yin irin abin da kake shirin yi. Tsohona yana da rediyo mai rigar fata da yake kama BBC Hausa da ita kullum asuba, ta ɓace a rabon gado. Na yi shekaru ina nema har na sami irinta sak a wurin masu gwanjo, na biya kuɗin da ban faɗa wa kowa ba. Na kai ta gida na kunna, ta yi magana lafiya lau, ni kuwa ban ji komai ba. Rediyon wani ce. Tana nan kan sif tana shan ƙura.

Kai naka ma da wata matsala da na ga ba wanda ya lura. Mai sayarwa 5 zai ba ka, ba 4 ba. Ka wayi gari da ruwan ɗorawa 2. In ka tashi haɗa mutum-mutumin, wanne za ka sa a ƙafar hagu? In ka sa sabon, na Baba ya zama saura, ya koma durowa inda ya fito. In ka ce na Baba za ka sa, wa ya ce maka ƙirarsu ɗaya da zai shiga? Ka biya dubu 280 ka sayo wanda zai ture na mahaifinka daga gurbinsa.

Tsohonka bai ce zai kawo su rana ɗaya ba. Ɗaya-ɗaya ya ce, duk ƙaramar Sallah. In cika masa magana kake so, bi ta yadda ya tsara. Kuɗin ba zai taɓa haya ba, uwargida ba za ta ɗaga murya ba, kuma nema ɗin ma wani daɗi ne.

Ɗan Gwari na Mile 12

Na janye dariyata, Kawu ya gama magana. Amma tayin tattasai yana nan.

Baban Walid, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga yadda aka kwana.

Injiniya, na juya cikinsa. Taiwan. Jikina ya yi sanyi, don rannan saura kaɗan in miƙa wa yaron in huta da kuka. Yanzu yana cikin roba a saman sif. Walid na saya masa wata motar roba a Pen Cinema, ya karɓa amma ya ce ba ita yake nufi ba. Na zaunar da shi muka kalli kashi ɗaya a waya, bai kai rabi ba ya ce zanen ya tsufa, ya tashi. Abin ya ɗan sosa mini rai, ban ɓoye muku ba.

Maman Hanifa, kin canka. Shekara 11 da aure ban taɓa ba ta labarin ba. Jiya bayan isha na ba ta. Ta yi shiru, ta ce in ɗauko ta gani, ta juya shi a hannu ta ce Baba ya iya zaɓe. Sannan ta ce duk da haka ba za a taɓa kuɗin adashi ba sai an biya haya. Ban ja ba.

Mai Instagram na ce mu haɗu a Ikeja in gani, tun shekaranjiya bai amsa ba.

Hajiya dai har yanzu tana kan bakanta. Ranar Juma'a za mu je wurin limaminsu tare, abin da ya ce shi ke nan, in dai bai ce a jefar ba, nan kam sai an sake zama.

Kawu, maganarka ta hana ni barci. Na kira yayana a Kano na karanta masa, ya ce in har za a bi tsarin Baba to shuɗin ne na gaba, tunda shi ne ɗaya ƙafar, kuma shi zai biya rabi. Don haka duk mai shiga Katangowa ko wurin masu tsofaffin kayan wasa, in ya ci karo da shuɗin zaki na ƙarfe shi kaɗai, ko da ba jela, ya yi mini magana kafin azumi.