Yaya za mu ce "khiyana zaujiyya" da Hausa?

'Yan uwa, wannan tambaya ta taso mini ne daga wani zaman sulhu da aka yi a nan Makka, a wani gida da ke Shara Mansur, inda aka sa ni tafinta tsakanin wata yarinya haifaffiyar nan, wadda Larabci ya fi zama a bakinta, da kawun mijinta da ya zo Umara daga Katsina. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce "khanani", wato mijin ya yi mata "khiyana", ni kuwa ba tare da na tsaya na auna ba na ce wa dattijon, "Baba, ta ce ya yi zina." Nan take ya ajiye finjalin gahawar da ke hannunsa, ya tambaya ko tana da shaidu huɗu. Ashe abin da take nufi shi ne saƙonnin da ta gani a wayar mijin tsakaninsa da wata mace. Kalma guda da na faɗa ba a muhallinta ba ta kusa mai da ƙorafin mace kazafi, kuma har yau abin yana damuna.

Larabawa suna cewa "khiyana zaujiyya", wato "khiyana" a tsakanin ma'aurata, kuma yaranmu na Makka da Jidda sun ɗauke ta ɗungurungum suna sakawa cikin Hausa. Asalinta daga "khana" ne, wato ya saɓa wa wanda ya amince masa, kuma kishiyarta ita ce "amana". Alƙur'ani ya yi amfani da ita a sha'anin aure a wurare biyu da ya kamata mu duba. A Suratu Yusuf, aya ta 52, ta zo a kan batun matar Azizu da abin da ake iya yi a bayan idon miji. A Suratut Tahrim kuwa, aya ta 10, an ce matar Annabi Nuhu da matar Annabi Luɗu sun yi wa mazajensu "khiyana", amma malaman tafsiri, tun daga Ibn Abbas, sun bayyana cewa ba alfasha ake nufi ba, saɓa musu suka yi a addini. Ke nan tun asali kalmar ta fi zina faɗi, kuma wanda ya fassara ta da zina ya ƙara mata abin da mai maganar bai faɗa ba.

Zina kalma ce ta shari'a, tana da sharuɗɗa da hukunci. Suratun Nur, aya ta 4, ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi mace kamila bai kawo shaidu 4 ba, sannan ayoyi na 6 zuwa 9 suka shimfiɗa li'ani, wato rantsuwar tsinuwa tsakanin miji da mata, ga mijin da ya tuhumi matarsa ba shi da shaida sai kansa. Kalmar da ke ɗauke da wannan nauyi ba ta dace da bakin tafinta ko mai rubuta labari ba, sai inda ita ɗin ce aka faɗa.

Wani malami da muka tattauna da shi bayan sallar isha'i ya ce, "Malam, ai muna da ha'inci, kuma daga tushe guda suke." Gaskiya ya faɗa, domin "kha" ta Larabci takan koma "ha" a bakinmu, kamar yadda "khair" ta zama alheri, "khamis" ta zama Alhamis, haka "kha'in" ta ba mu ha'inci da maha'inci. Sai dai kalmar ta daɗe da tarewa a kasuwa. Idan Bahaushe ya ji an ce wane maha'inci ne, mudun da aka tauye yake tunawa, ko leburan da ya karɓi kuɗin yini ya yi aikin rabin yini. Ana iya cewa ya ha'inci matarsa a fahimta, amma zafin abin ba ya fitowa.

Kwartanci tamu ce ta gado, ba aro ba, amma ƙofarta ƙunci gare ta, domin kwarto shi ne namijin da ke shiga wa matar wani, saboda haka ba ta ɗaukar magidancin da ke bin wadda ba ta da aure. Neman mata kuma, a ganina, ta yi sauƙi da yawa. Har cikin raha ake faɗinta, alhali bin maza da ake faɗa wa mace tana zubar da mutunci har jikoki. Ba na son mu zaɓi kalmar da za ta sassauta wa namiji ta tsananta wa mace a kan laifi iri ɗaya.

Abin da na tsaya a kai shi ne cin amanar aure. Amana ma aro ce daga Larabci, tushenta ɗaya da imani da aminci da mumini, amma ta zauna a Hausa har ba a jin baƙuncinta. Mu mazauna Makka muna ganin ma'anarta ta farko da idonmu, domin wurin da mahajjaci ke ajiye jakarsa kusa da Harami kafin ya shiga ɗawafi, "amanat" aka rubuta a kansa: abin da aka ba ka ka tsare, ka mayar yadda aka ba ka. Bahaushe kuma da ya haɗa ta da "ci", kamar yadda ya yi a cin mutunci da cin zarafi, sai ya ba mu hoton mutumin da aka ba ajiya ya cinye. A nan Arafa, a hajjin ban kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi maza da su ji tsoron Allah game da mata, domin da amanar Allah suka karɓe su. Suratun Nisa'i, aya ta 21, ta kira auren alkawari mai kauri. Saboda haka lafazin bai fito daga son raina ba, yana da gindi a abin da muka riga muka sani.

Wata Hajiya mai koyarwa ta yi mini gyara mai kyau, ta ce cin amanar aure zai iya haɗawa da matar da ta tona asirin mijinta, ko mijin da ya cinye dukiyar matarsa. Na yarda, Hajiya, kuma ban ɗauke shi aibi ba, tunda "khiyana" ɗin ma haka take a Larabci, kuma zancen da ke kewaye da kalmar shi ke nuna wanne ake nufi. Inda nake roƙon a yi hattara shi ne batun ƙarin aure. Wasu 'yan matanmu sun saba ji a talabijin ana kiran auren mace ta biyu "khiyana", suna kuma kawo wannan cikin Hausa. Kishiya da aka ɗaura aurenta da waliyyi da shaidu ba cin amanar aure ba ce. Idan an yi wa uwargida ƙarya ko an karya alkawarin da aka ɗaukar mata, to a ambaci ƙaryar da sunanta.

Lafazin yana juyuwa ba tare da wahala ba: ya ci amanar matarsa, ta ci amanar mijinta, maci amanar aure, maciya amanar aure. A zama na biyu da muka yi a gidan nan, da shi na yi amfani. Na ce, "Baba, ta ce ya ci amanarta, ga kuma abin da ta gani." Dattijon bai sake neman shaidu ba, ya juya ga ɗan ƙanwarsa ya ce ya miƙo wayar.