Lambar da ke jikin takardar kuɗi, mene ne amfaninta?

Mai POS a Kurna:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da magariba wani yaro ya kawo mini dubu arba'in in tura wa maigidansa. Ina cikin ƙirga sai na ga 'yan dubu-dubu guda biyu sababbi fil, lambar jikinsu iri ɗaya sak. Na mayar masa da su, ya tafi yana ƙunƙuni. Maƙwabcina mai shayi ya ce na yi asarar ciniki a banza, wai lambar nan ado ce kawai, babu mai duba ta. Masu ilimin abin, don Allah mene ne aikinta? Ana iya samun biyu iri ɗaya kuma duka na gaske?

Tsohon kashiya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, mai shayi ya tsaya a kan shayinsa. Kafin komai, ka duba haruffan da ke gaban lambar? Alƙaluman kaɗai suna iya maimaituwa, harafin gaba ne ke raba su. In har harafi da alƙaluma duk sun zo ɗaya a 'yar dubu biyu masu zubi ɗaya, to aƙalla ɗaya jabu ce, galibi ma duka biyun. Mai buga jabu takarda ɗaya yake samu ya yi ta kwafa, shi ya sa lambarsa ba ta motsi.

Asalin aikinta lissafi ne. Kamfanin buga kuɗi na ƙasa, mai ma'aikata a Legas da Abuja, da wannan lamba yake sanin nawa ya buga, Babban Banki kuma ya san nawa ya karɓa. Ka ɓalle sabon bandir ka gani, a jere suke tafiya. Sannan sau biyu ake buga ta a takarda guda. Lokacin da nake kan kanta, in aka kawo yagaggiyar kuɗi an liƙe da salatif, lambobin nan biyu nake fara dubawa, don akwai masu haɗa rabin wannan da rabin waccan.

Amma kada ka ce tunda lamba ta bambanta shi ke nan. Ɗaga ta ga haske ka nemi ɓoyayyen hoto da zaren tsaro, ka shafa fuskar Aliyu Mai-Bornu ka ji kaushin tawada.

Ɗan canji, Wapa:
Baba ya gama magana. A dala lambar har labari take bayarwa. Daga zubin 1996, 'yar ɗari tana da haruffa biyu a gaba: na farko zubin shekara, na biyu wane ne cikin rassa 12 na babban bankin Amurka ya fitar da ita. A na Boston, B na New York, har zuwa L na San Francisco. In ka ga tauraro a ƙarshe, an buga ta ne a madadin wadda ta lalace a ma'aikata. Kwastomomi kan tsorata da ita, alhali masu tara kuɗin tarihi har ƙari suke biya.

Bamaraɗe:
Mu nan sefa ƙasa takwas ke cin ta, don haka BCEAO, babban bankin da ke fitar da ita, ta ba kowa harafinsa. H Nijar, B Benin, K Senegal, A Kodebuwa. Alƙaluma biyun farko kuma shekara ce. Ranar kasuwa ka duba 'yan jikka goma da ke aljihunka, sai ka tarar rabi daga Kwatano suka hau mota.

Hajiya mai atamfa:
To in haka ne, me ya hana a bi sawun kuɗin fansa da ake kai wa 'yan bindiga?

Tsohon kashiya:
Hajiya, an taɓa yi. A 1932 da aka sace jaririn matuƙin jirgin nan Charles Lindbergh a Amurka, an rubuta lambobin kuɗin fansar aka raba wa bankuna. A 1934 wani ma'aikacin gidan mai a New York ya yi shakkar wata 'yar dala goma, ya rubuta lambar motar mai ita a jiki, banki ya gano tana cikin jerin, aka kama Bruno Hauptmann. Sai dai lambar ba ta da na'urar da za ta nuna inda takarda take. Dole a rubuta kafin a miƙa, kuma dole kuɗin su dawo hannun mai dubawa. Miliyan goma a 'yan dubu-dubu takarda 10,000 ce, an tattaro ta daga dangi cikin dare, sannan ta ƙare a kasuwar shanu da wajen masu sayar da fetur a jarka, inda ba ta ganin banki sai ta tsufa.