Titin bakin teku: ina haƙƙin masu tebur?

Ɗan Obalende: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Tun 2024 ake aikin titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba, kashin farko kilomita 47 daga titin Ahmadu Bello zuwa Eleko. Ministan ayyuka Umahi ya raba diyyar naira biliyan 2.75 a zagayen farko. To mai shayi da mai tsire da aka tasa fa? An danne musu haƙƙi!

Malam Na Agege: Haƙƙi kuma? Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. Abin da ka ɗora a kanta ake biya: gini, katanga, rijiya, amfanin gona. Masu ƙiyasi su zo su auna, su shafa lamba da jan fenti a bango, su rubuta sunan mai ginin. Tebur da laima ba sa shiga lissafi.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, tikitin da ake yanka wa mai tebur kullum fa? In ba shi da haƙƙi, kuɗin me ake karɓa?

Malam Na Agege: Hajiya, izinin kasa kaya ne na yini ɗaya, ba shaidar mallaka ba. Ko mai hayar shago, mai gida ake miƙa wa kuɗin. Sai dai ya bi shi ragowar hayarsa, shi ma in akwai yarjejeniya a rubuce da rasit. Yawancinmu da baki muke ƙulla haya, nan ake cin mu.

Direban Mile 12: Haƙƙin kotu daban, haƙƙin da Allah zai tambaya daban. Malam, fito fili ka faɗi jam'iyyarka.

Malam Na Agege: Doka na karanto, ban ɗaga tsintsiya ba.

Baban Yara: Ku bar Malam. Ai gwamnati ta taɓa taimakon matafiya, Gwamna Sanwo-Olu na Legas ya rage rabin kuɗin bas ɗin BRT a Agustan 2023.

Direban Mile 12: Wancan na cire tallafin mai ne, ba ruwansa da titi. Kuma sai mai katin Cowry na biyan kuɗin bas. Motar tumatir da ta kwana a cunkoso, kwandunan ƙasa sun tsiyaye, gas ya ƙone a tsaye, wa ya taɓa biyanta?

Hajiya Mai Atamfa: Ku direbobi ku yi shiru, ko an gyara hanya ba ku rage kuɗin kaya.

Direban Mile 12: Hajiya, kin san farashin taya ɗaya?

Ɗan Obalende: Ni fa maganar mai shayi na kawo.

Shugaban zaure: Mun rufe. A taƙaice, kowa ya yarda Malam ya fi hujja: ba takarda, ba diyya. Sauran duk ɗaci ne. Direba, an goge saƙonka na ƙarshe.