Ana iya kai yaro ɗan shekara 5 ƙara a New York?

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka. Don Allah ina neman shawarar wanda ya san dokar jihar New York.

Muna zaune a yankin Bronx, a birnin New York. Ɗana mai shekara 5 yana wasa da kekensa a gefen titi, ya buge wata tsohuwa, ta faɗi ta karye a hannu. Mun je asibiti mun gaishe ta, kuma har raina na tausaya mata. Yanzu lauyanta ya aiko takarda, da sunana da sunan yaron, wai sakaci.

Na ɗauka kuskure ne, don a Najeriya wanda bai kai shekara 7 ba ba a kama shi da laifi. Sai na karanta cewa a 2010 wani alƙali a yankin Manhattan, a nan birnin New York, ya yarda a ci gaba da ƙarar da aka kai wata yarinya 'yar shekara 4 a kan irin wannan hatsarin keke. Wannan ne ya tsaya mini a rai.

In kotu ta ce yaron ya biya diyya, daga ina kuɗin zai fito, tunda ba shi da komai? Inshorar masu zaman gidan haya tana ɗaukar irin wannan? Kuma in amsa takardar da kaina, ko in jira sai na samu lauya?