Tallar maganin amai da tashin zuciya: wa ya taɓa saya, yaya aka ƙare?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Laulayi ya sa ni gaba, ko ƙamshin suya na ji sai amai. Ga talla ta ishe ni a waya, wai ƙwaya ɗaya amai ya tsaya cak, kuma "ba ta da illa ga mai ciki". Don Allah wanda ya taɓa sayen irin wannan saboda talla ya faɗa mana abin da ya gani.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Ni a mota na gamu da su, hanyar Abuja. Mai talla ya miƙe da jakarsa, bakinsa kamar ya ci zuma, maganin nasa shi ne na amai, shi ne na jiri, har taifot wai yana korewa. Na saya don doguwar tafiya ba ta yi mini. Gaskiya ban yi amai ba. Amma tun kafin Zariya barci ya kwashe ni, a Zuba kwandasta ya tashe ni da ƙyar. Da na nuna wa wani ɗan uwa mai ilimin magani kwalin, ya ce promethazine ne, barcin ma halinsa ne. Mai tallan bai ambaci wannan ba, alhali direba yana jin sa.

Hajiya Inna:
'Yata, ki yi hattara. Autata tana da shekara 14 amai ya kama ta, mai kemis na unguwa ya ba ta wanda yake ta yabo. Washegari wuyanta ya karkace, idanu suka kafe sama, harshe a waje. Gida ya rikice, kowa ya ce iska ce, har an tafi ɗauko malamin ruƙiyya. Maƙwabciyarmu ce ta dage sai asibiti. Likita na ganinta ya tambaya, "An ba ta metoclopramide?" Allura ɗaya aka yi mata ta dawo daidai.

Sista Mai Awo:
Hajiya, sannu da ƙoƙari. Mun sha ganin irin wannan, kuma yara da 'yan mata ya fi kamawa. Shi ya sa a 2013 hukumar magunguna ta Turai ta ce kada a sha metoclopramide fiye da kwana 5, kada kuma a ba jaririn da bai kai shekara ba. Promethazine kuwa ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2. Abin da ke ba ni haushi da tallan nan, ba ruwansu da dalilin aman. Zazzaɓin cizon sauro na sa amai, gurɓataccen abinci na sa shi, kwalara ma haka. A tsayar da aman, cutar na nan tana aikinta. Yaro mai amai da gudawa ruwan gishiri da sukari yake buƙata, kaɗan-kaɗan da cokali, da maganin zinc.

Maman Ikram, akwai magungunan da ake ba masu laulayi, amma a wajen awo za a zaɓa miki. Kalmar "ba illa" ɗin nan da ita aka sayar da thalidomide, wani magani da aka ba masu laulayi, a Jamus tun 1957, aka janye shi a 1961, ya jawo an haifi yara sama da 10,000 da nakasa a duniya.

Baban Sultan:
Sista, ai nan Amurka ma ba su tsira ba. A 2015 tauraruwar talabijin Kim Kardashian ta tallata Diclegis, maganin laulayi, a Instagram ba tare da faɗin illolinsa ba, sai da hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi kamfanin aka sake tallar. A talabijin kuwa suna karanto illolin, amma da gudu.

Ɗan Kwari:
Su ma sun karanta kenan! A dokance a nan sai NAFDAC ta amince kafin a yi tallar magani, to wa zai bi mai jaka cikin mota?

Maman Ikram:
Na gode, Allah Ya saka. Sista, citta fa? Surukata ta ce in riƙa shan shayinta.

Sista Mai Awo:
Ki sha, tana rage tashin zuciya ga mata da yawa. Ki ci abu busasshe kafin ki tashi daga gado, ki riƙa ci kaɗan-kaɗan. In kika wuni ko ruwa ba ya zama, ko fitsari ya ragu, kada ki jira ranar awo, ki taho a yi miki ƙarin ruwa.